Masu Hura Wutar Kirsimeti

Laccar da aka gabatar a taron Zumuntar Mata na ƙarshen shekara

  Na san wasunku sun baro aiki a gida, wasu kuma hankalinsu na wurin tela, don haka ba zan cinye muku yini ba.

An ce in yi magana a kan ƙauna da haƙurin mace Kirista a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara. Kafin mu buɗe Littafi, bari mu leƙa gindin murhu, domin a can ake yin abin.

Daren 24 ga Disamba, in an tashi daga sujadar waƙoƙi, maza sukan tsaya hira a bakin majami'a, yara su bazama da wasan wuta. Ita kuwa uwargida, a lokacin aikinta ke farawa. Tun da rana ta bi layi a wurin mai inji ta yi markaɗe. Cincin yana cikin bokiti, an rufe, an ɗora can sama saboda ɓarayin gida masu gajerun ƙafafu. Naman watanda da maigida ya shigo da shi da yamma yana jiran a wanke, a tafasa, a soya. Ga kan 'yar auta ba a gama kitsewa ba, ana ja tana gyangyaɗi. Ƙarfe 3 na dare, lokacin da hunturu ke tsaga leɓe, ita ce durƙushe tana hura ɗanyen icce, hayaƙi na cika mata ido. Gari na wayewa kowa ya fito fes. Ita ce ta ƙarshe a wanka, ita ce ta ƙarshe a shiga majami'a, in kuma Baba Fasto ya ja wa'azi, ita za a hango tana rurrufe ido a bencin mata. Sai ka ji wani dattijo ya ce mata ba sa sauraron Maganar Allah.

Abin da na zo in faɗa bai wuce ɗaya ba. Wannan ƙauna tana da tsada, akwai mai biya, kuma gida da ikilisiya sun daɗe suna cin moriyarta ba su taɓa tambayar nawa aka kashe ba. Tunda ƙarfin mace ba rijiya ba ce marar ƙafewa, ya kamata mu zauna mu duba inda ya dace a zuba shi da inda muke ɓarnatar da shi.

Mu tuna daga inda muka fito. Labarin da ake bayarwa game da asalin wannan zumunta tamu shi ne, a 1930, a Miyango kusa da Jos, wata mata ta kusa rasa ranta wajen haihuwa saboda babu abin da za a kai ta asibiti da shi. Sai matan ikilisiya suka haɗa 'yan kuɗinsu aka sayi keke. A lokacin ko cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba, sai a 1932. Sunan ECWA ma bai zo ba sai 1954. Ke nan tun kafin a sami ofisoshi da kundin tsarin mulki da manyan taruka, iyayenmu sun ga wata na shan wuya sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Yau ko a COCIN kike, ko EYN, ko HEKAN, ko LCCN, ko Katolika, ko Angalikan, za ki tarar da matan zumunta da ankonsu da tulunsu da cakinsu. Waƙa da rawa sun biyo baya ne. Keken nan shi ne tushe.

Yanzu mu koma ga matan Kirsimeti na farko, waɗanda hotunan kalanda suka wanke su tas har ba ma gane su. Luka ya nuna mana Maryamu budurwa ce da ciki ya bayyana a jikinta kafin a kai ta ɗakin miji. Duk wadda ta girma a ƙauye ta san irin kallon da ake yi wa yarinya a wannan hali, ta san abin da ake faɗa a bakin rijiya. Ina ta nufa? Wurin 'yar'uwarta Alisabatu, dattijuwa, wadda ita ma ta sha gorin rashin haihuwa shekara da shekaru. Ta zauna wurinta wajen wata 3. Alisabatu ba ta tsare ta da tambayoyi ba, ta karɓe ta da sa albarka. Daga baya Maryamu ta yi tafiyar da ta haura kilomita 100 daga Nazarat zuwa Baitalami da tsohon ciki, ta haihu inda ba masauki, ta kwantar da jariri a komin dabbobi. Da lokacin tsarkakewa ya yi, tsuntsaye biyu suka kai Haikali. In kin duba Littafin Firistoci sura 12, za ki ga wannan hadaya ce da aka sassauta wa wadda ba ta da halin ɗan rago. Talakawa ne. A Haikalin kuma suka haɗu da Hannatu, gwauruwa tsohuwa tukuf, wadda shekara 7 kacal ta yi da mijinta. Matiyu ya ƙara mana da cewa ba a jima ba suka tsere Masar cikin dare, suka zama 'yan gudun hijira, a bayansu kuma iyaye mata na Baitalami suna kukan 'ya'yan da Hirudus ya sa aka kashe.

Yarinyar da ake tsegumi a kanta, da dattijuwar da aka yi wa gori, da gwauruwa, da 'yar gudun hijira, da uwar da aka kashe wa ɗa. Ku duba hagu da dama. Duk suna cikin wannan ɗaki.

To ina muke kai ƙarfinmu? Mu faɗa wa juna gaskiya, kaso mai yawa yana tafiya wajen gasa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kowa ya san yadda kasuwa ta koma. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ba sai an karanta mana wannan a rediyo ba, mun gani a mudun shinkafa da kwalbar man gyaɗa da kuɗin mota zuwa gida. Amma duk da haka anko bai ragu ba. Akwai na zumunta, akwai na mawaƙa, akwai na dangi, akwai na ƙungiyar 'yan gari ɗaya, ga bukukuwan aure da aka jera a Disamba, kowanne da atamfarsa. Mace ta kwashi adashin da ta yi wata da watanni tana zubi, ta ƙara da bashi, don kada a ce ba ta fito ba. Ranar 25 ta yi kyau na awa 4. Makon farko na Janairu makaranta ta buɗe, a koro yaro saboda kuɗin zango, mai atamfa kuma tana aike.

Ni ba maƙiyiyar anko ba ce, ga shi a jikina. Yana da amfaninsa: in mun sa shi, ba a gane matar kwamishina da mai sayar da ƙosai. Amma in ankon da aka yi don a rufa wa marar hali asiri ya zama shi ne ke hana ta zuwa sujada ranar Kirsimeti saboda kunya, to ya juya wa manufarsa baya. Shugabanni, ina roƙonku, zanen bara bai mutu ba. In an ce bana ba sabon anko, ba wadda za ta rasa ceto.

Ko a wajen bayarwa ma gasa ta shigo. Ba mu manta da Disambar 2024 ba. Ranar 18 ga wata yara 35 suka mutu a turmutsitsin wani bikin yara a Ibadan. Bayan kwana 3 aka sake yin wani a Okija ta jihar Anambra wajen rabon shinkafa, da wani a harabar cocin Holy Trinity da ke Maitama a Abuja, inda mutum 10 suka rasu. Masu rabon nan alheri suka nufa, ba na zarginsu. Amma abin ya nuna mana iyakar yunwar da ke ƙasa, ya kuma nuna cewa tara mayunwata a fili ɗaya ba ita ce hanya ba. Mu mata mun fi kowa sanin wata hanyar. Mun san gidan da hayaƙi bai tashi ba tun jiya. Mun san wadda ta ce tana azumi alhali babu ne. Mudu biyu a cikin baƙar leda, a shiga da magariba kamar an zo gaisuwa, a ajiye a bayan ƙofa, a fita. Ba a jera gwauraye a gaban bagade kowace da ƙullin shinkafa a hannu ana ɗaukar su hoto don a sa a Facebook. Wanda ya ƙirƙiro wannan al'ada, Allah ya gafarta masa, amma a daina.

Sai batun haƙuri, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Akwai haƙurin da bikin kansa ke nema, wanda ba makawa. Gida ya cika. Surukuwa ta zo daga ƙauye ta ce miyar ba ta ji daddawa ba. Ƙannen miji sun sauka da abokansu ba sanarwa, suka cinye naman da aka ɓoye wa baƙin gobe. 'Yar da aka tura jami'a ta dawo da wani irin gashi da wata irin magana, kin rasa ta inda za ki fara. Matar wa da matar ƙane, da suka shekara ba su ga juna ba, an haɗa su a murhu ɗaya. A irin wannan, mace mai hikima takan haɗiye magana, ta bar wa Janairu abin da ba sai an warware shi a Disamba ba. Surukuwar nan, wataƙila cewa miya ba daddawa ita ce kaɗai hanyar da ta rage mata ta nuna har yanzu ana bukatarta. Miƙa mata ludayin. Yarinyar nan kuma, in kika tare ta da faɗa tun daga bakin ƙofa, baɗi za ta ce tana da jarrabawa ba za ta zo ba. Wannan haƙuri ƙarfi ne, mai yin sa ta san abin da take yi, ita ta zaɓa.

Akwai kuma wanda ake ɗora wa mace don kowa ya huta. Kun san shi. Maigida ya fita tun safe yawon Kirsimeti, daga wannan gidan burkutu zuwa wancan, ya dawo tsakar dare ya nemi abinci, daga nan sai hannu. Washegari ta zo sujada da kumburarren ido ta ce ƙofa ce ta buge ta. Mu kuma, mu matan zumunta, mu je gidan mu zauna, mu yi addu'a, mu ce, “Maman yara, sai haƙuri, mai haƙuri yakan dafa dutse.” Mu tashi mu tafi, ba wadda ta ce wa mijin uffan. Iyayena, ku gafarce ni, amma wannan ba ta'aziyya muka kai ba, mun je mun taya shi ne. Sura ta 13 ta Korintiyawa ta Fari, wadda ake karanta mana a kowane ɗaurin aure, ba mata kaɗai Bulus ya rubuta wa ba. Ikilisiya guda ya rubuta wa, maza da mata, kuma a cikin surar ya nuna ƙauna ba ta murna da mugunta. Ko dokar ƙasa ta 2015 da ta hana cin zarafin mutane, wadda jihohi da dama suka karɓa, ta ɗauki dukan mace a matsayin laifi. Bai kamata hukuma ta riga ikilisiya tausayi ba. In za mu je irin wannan gida, mu tafi da dattijon da mijin ke jin nauyinsa, a zaunar da shi. In abin ya kai ga ranta na cikin haɗari, a fitar da ita tukuna, sulhu ya biyo baya.

Baba Rabaran, tunda kana nan, ga saƙo ka kai wa zumuntar maza. Ana yawan yi mana wa'azi da Marta da Maryamu na Luka sura 10, a ce kada mu zama kamar Marta da hidima ta ɗauke wa hankali. Mun ji, mun karɓa. Amma masu wannan wa'azi, ana tashi sujada su ne na farko a neman faranti. In ana so Marta ta zauna ta saurara, sai wani ya karɓi tukunyar. Faskaren icce, ɗiban ruwa, kai markaɗe, yi wa yara wanka, babu ayar da ta haramta wa namiji. Mu ma iyaye mata da laifinmu, mu ne muke ta da 'ya mace da asuba mu bar ɗa namiji yana minshari, sannan mu yi mamaki in ya girma ya zama irin ubansa.

Yanzu zan taɓa inda ke da zafi. A wannan yanki namu, akwai matan da Kirsimeti ranar makoki ce a gare su. Daren 24 ga Disamba 2010 bama-bamai suka tashi a Jos, a Kabong da Unguwar Rukuba, mutane na tsakiyar cefane. Ranar Kirsimetin 2011 aka kai hari cocin Katolika na St Theresa a Madalla, kusa da Suleja, ana fitowa daga sujada, fiye da mutum 30 suka mutu. A jajibirin Kirsimetin 2023 aka afka wa ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, aka kashe fiye da mutum 150, wasu da abincin biki a kan wuta. Akwai iyayen 'yan matan Chibok, 276 da aka kwashe a Afrilun 2014, yawancinsu 'ya'yan EYN, waɗanda har yau wasunsu ba su dawo ba. Akwai Mama Rebecca Sharibu, da aka tafi da 'yarta Leah daga Dapchi a Fabrairun 2018. In muna buga tulu muna juyi, mu sani a bencin baya akwai wadda kiɗan ke tuna mata da wani abu dabam.

Irin wannan mace ba ta bukatar a ce mata ta yi murna domin an haifi Mai Ceto. Ta sani, ta fi mu sani. Ba ta bukatar dogon wa'azi a kan Ayuba. A je a zauna. In ta ambaci sunan mamacin, kada a yi saurin kawar da zancen, a bar ta ta faɗi irin abincin da yake so, a bar ta ta yi kuka, a taya ta. In ta ce ba za ta iya zuwa sujada ranar ba, kada a rubuta ta cikin masu ja da baya. Zumunci a ƙafa yake, kuma wani lokaci bakin ba shi da aiki.

Wannan zafin ne ya kusa kashe mana wata tsohuwar al'ada. Da yawanmu mun tashi muna kai kwano. Ranar Kirsimeti a jera langa-langa a kan tire, a ɗora wa yara, a ce wannan na gidan Malam, wannan na gidan Hajiya, wannan na mai shago. Ranar Sallah kuma kwanukan su dawo da tuwo da naman layya. Iyayenmu har Musulmi suke kira ya yanka akuyar, a ware tukunya mai tsabta, don maƙwabci ya ci hankalinsa kwance. Ba wanda ya koya musu wannan a taron bita. Bayan rikicin Kaduna na 2000 da na 2002, da na Jos da ya fara a Satumbar 2001, garuruwa suka rabu. A Kaduna kogi ya zama iyaka, Kirista suka tattara kudu, Musulmi arewa. Yau akwai yaron da ya kai shekara 20 a Sabon Tasha bai taɓa cin tuwon Sallah ba, akwai takwaransa a Tudun Wada da bai taɓa shiga gidan Kirista ba. Abin da kowannensu ya sani game da ɗayan, a waya ya gani.

Na san abin da wata ke faɗa a ranta: su ne suka kashe mana. 'Yar'uwata, ba zan ce ki manta ba, ba ni da wannan hurumin, kuma neman a hukunta masu laifi ba rashin gafara ba ne. Amma ki tuna a Yunin 2018, da aka kai hari a yankin Barikin Ladi, limamin ƙauyen Nghar, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, maza a masallaci, mata a cikin gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya hana su shiga. Ki kuma tuna a Disambar 2023 ɗin nan da muka yi kukan Bokkos, tun ranar 3 ga wata matan Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi suke kukan mutanensu fiye da 80 da jirgin soja marar matuƙi ya hallaka suna taron Mauludi. Hawayen uwa ba shi da addini. A Kaduna ɗin dai, shekara da shekaru Musulmi maza da mata suna zuwa cocin Fasto Yohanna Buru ranar Kirsimeti don taya murna. Ke nan hanyar ba ta toshe gaba ɗaya ba.

Wadda har yanzu take da maƙwabciya Musulma, ko abokiyar aiki, ko mai sayar mata da kayan miya da suka saba, bana ta kai kwano. Mai yiwuwa a karɓa da fara'a. Mai yiwuwa a karɓa a ba almajirai. Mai yiwuwa ma a ce an gode, ba a ci, domin akwai masu wannan fahimta. Kada ki yi fushi, kada ki dawo zumunta ki ce kun gani ko. In dafaffe ne matsalar, baɗi ki kai ɗanye, ko lemo, ko ki tsaya a gaisuwa kawai. Ba don a rama miki kika kai ba.

Abu na ƙarshe, kuma wannan shawara ce nake so a rubuta a littafin taro. Alherinmu yakan taru ne a mako guda. Daga 20 zuwa 26 ga Disamba gidan marayu ya cika da buhuna, gwauruwa ta sami shinkafa daga wuri uku. Ranar 2 ga Janairu baƙi sun watse, motoci sun koma Abuja da Legas, kowa aljihunsa ya bushe, ba mai sake leƙa ta sai wata Disambar. Alhali a lokacin ne ake neman kuɗin makaranta, mai gida yana neman na haya, hatsin da aka girbe kuma an riga an sayar da rabinsa don biki. Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna ikilisiyar farko kullum take rabon abinci ga gwauraye, har da aka ga ana tsallake wasu sai aka zaɓi mutum 7 musamman don aikin. Ina ba da shawara kowace zumunta ta raba abin da ta tara na bana gida biyu. Rabi a fitar yanzu. Rabi ma'aji ta riƙe, kada a taɓa, sai mako na biyu na Janairu a biya wa 'ya'yan gwauraye da na 'yan gudun hijira kuɗin zango, a kai makarantar kai tsaye a karɓo rasit. A kuma raba sunayen gidajen tsakanin mata bibbiyu, kowane gida a san masu leƙa shi har zuwa Ista.

Uwar Zumunta, na ga kina duba agogo. Sauran bayani sai a lokacin tambayoyi.